Baƙon Da Ba Ya Taɓa Birnin Kawu

A cikin firji wasan ya zo mana. Kawuna, yayan mahaifiyata, tun ina yaro sana'arsa ɗaya ce: sayar da tsofaffin firji da injin wanki da ake saukewa daga Turai, yana jera su a bakin babban titin unguwar Nima. Turawa in za su rabu da firji sukan cusa masa tarkace a ciki, shi ya sa ranar da kaya suka iso kowa yakan so ya tsaya ya ga abin da za a buɗe. Mun taɓa samun takalman yara, mun samu tukwane, sau ɗaya har da haƙoran roba na wani tsoho. Wannan karon wani kwali ne mai nauyi, an ɗaure shi da igiya, a jikinsa an zana jiragen ruwa da sojoji masu garkuwa.

Kawu ya so ya miƙa wa yaran gida su yayyaga. Na ce ya bari in duba tukuna. Lokacin ina gyaran waya a wani ɗan shago, kuma in kasuwa ta yi sanyi ba ni da abin yi sai kallon masu wucewa. Don haka na tafi da takardar bayanin da ke cikin kwalin, na yi ta bin Turancinta a hankali har na gane kan wasan.

Wata ƙasa ce da babu ita a duniya, an yanka ta gunduwa-gunduwa a kan kwali, ana shimfiɗa su a tebur a kife. Kowane ɗan wasa yana farawa da birni guda a gefensa da jirgi guda. Duk inda ka tura jirginka ko mutanenka, sai ka juya gunduwar ka ga rabonka: daji, ko dutse mai ƙarfe, ko gona, ko hamadar da ba ta tsinana komai. Ka kafa ƙauyuka, ka tara hatsi da ƙarfe, ka ɗauki sojoji. Da farko kowa na harkar gabansa cikin lumana, amma ƙasar ba ta da yawa, kuma da zarar an juya gunduwa ta ƙarshe, ba sauran wurin faɗaɗawa sai cikin gonar maƙwabci. Yaƙi da ƙwayar jefawa irin ta ludo ake raba shi. Akwai kuma katuna da kowa ke riƙewa a ɓoye, wasu na yaƙi, wasu na ciniki. Ana ƙulla amana da baki, kuma babu dokar da ta hana a ci ta. Wanda ya ƙare da birane mafi yawa shi ne sarki. Muka sa masa suna cin ƙasa.

Mu uku muka fara: ni, da Kawu, da telan da ke haya a ɗakin ƙofar gidanmu, abokina tun ƙuruciya. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan fito da tebur ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, mu yi ta yi har a kira magariba. Kawu ya fi kowa kamuwa da wasan, ya kuma fi kowa rashin iyawa. Jajayen sojoji nasa ne, ba mai taɓa su. Ba shi da haƙurin tara hatsi. Da ya samu 'yan sojoji sai ya afka wa mutum yana kirari, a karkashe su, ya koma yana zagin ƙwayar jefawa.

Mu uku wasan ba ya armashi, domin biyu sukan haɗe wa ɗaya kai. Muna cikin neman na huɗu, sai ga Kawu wata Lahadi ya shigo da baƙo.

Dogo ne, siriri, ya kai sittin ko ya kusa, da farar riga mai tsabta da ɗan rawani. Kawu ya ce Alhaji ne daga Nijar, yana saukar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, ya zo shago neman firji suka saba. Baƙon ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da aiki da gajiya, da irin Hausar da mu 'yan Zango ba ma yi. Mu a nan namiji da mace duk "ya" muke ce musu, mu zuba Turanci da Twi, yaren mutanen ƙasar nan, a ciki mu wuce. Shi kuwa kowace kalma tana zaune a mazauninta, kamar mai karanta labarai a rediyo. Tun daga nan na ji ban sake da shi ba. Mutumin da maganarsa ba ta tuntuɓe, gani nake tun daga gida ya shirya ta.

Sau ɗaya na yi masa bayanin wasan. Abu guda kawai ya tambaya.

"In na ƙulla amana da mutum, har yaushe take ɗaure ni?"

Na ce har lokacin da ya ga dama.

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Ba baƙon abu ba ne."

Ranar Kawu ya ci. Shi ne karo na farko da ya taɓa ci tun da muka fara, ya yi ta shela har mutanen lungu suka leƙo. Na ɗauka sa'a ce. Lahadi ta zagayo ya sake ci, wadda ta biyo ta ma haka. Kawu dai bai ƙara wayo ba, yana nan yana afka wa mutane da kirarinsa, amma ko ta yaya aka juya sai ka ga hanya ta buɗe masa, kuma kullum ta ɓangaren Alhaji take buɗewa.

Dole sai na faɗi abin da ke raina a lokacin game da gidanmu, in ba haka ba ba za a gane ni ba. Gidan kakana ne na wajen uwa, a unguwar Maamobi, tsohon gini mai ɗakuna zagaye da tsakar gida. Da kakan ya rasu ba a raba shi ba. Kawu ne babba, shi ke riƙe da shi, mahaifiyata da muke kira Mma tana da nata kason, kuma can muka dawo da zama bayan rasuwar mahaifina. A shekarun nan unguwarmu ta yi daraja saboda tana tsakiyar birni, masu kuɗi suna bin tsofaffin gidaje suna saye, su rushe, su tayar da bene. Gidan da ke manne da namu haka ya tafi, kuma a kan idona aka yi. Ba da jakar kuɗi aka fara zuwa ba. Wani dillali ne ya fara zama da maigidan, yana sallah a masallacinsu, yana zuwa sunan jikokinsa, har ya zama kamar ɗan gida. Yanzu benen ya tare mana hantsi, mutanen gidan kuma sun watse, sun koma can bayan gari, wasu suna Kasoa, wasu Ashaiman. Saboda haka da na ga baƙo mai ladabi yana sa Kawu dariya kowace Lahadi, sai na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Ni ke tattara kayan wasa in mayar kwali. Wata ranar da aka kira magariba, kowa ya kife katunansa ya tafi alwala, sai na juya na Alhaji. A cikin wasan akwai katin da ke ba mutum damar sauke sojoji ta ruwa a bayan gari, akwai kuma wanda ke rusa ganuwa. Duka biyun suna hannunsa. Babban birnin Kawu kuwa a bakin ruwa yake, soja ɗaya tak ke gadinsa, kuma jiragen Alhaji sun daɗe a tsaye kusa da shi. Ko jiya mutum ya fara wasan, ya san abin da ake yi da waɗannan katunan.

Na je na samu tela a kan kekensa na faɗa masa.

"Cale, abokina, kai ma ka cika tunani," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba. "Watakila bai gane katin ba."

"Mutumin da sau ɗaya na yi wa bayani, bai taɓa kuskuren doka ba?"

"To girmamawa ne. Baƙo ya zo gidan mutum ya ci shi da yaƙi a gaban iyalinsa? Ba kyau."

"Girmamawa ta sati ɗaya ce. Wannan ta wuce girmamawa."

Na yanke shawarar in gwada shi. Lahadi ta gaba na bar birnina a buɗe daidai yadda Kawu ke barin nasa, soja ɗaya a bakin ruwa, na yi kamar hankalina yana wani gefe. Ko ƙiftawa Alhaji bai yi ba. Ya sauke sojojinsa, ya ɗauke birnin, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana, ƙofa a buɗe na tarar." Bai jima ba ya gama da tela. Amma da iyakarsa ta haɗu da ta Kawu, sai ya koma noma. Ya tura jiragensa can tsakiyar ruwa inda babu komai. In kuma ya kai wa Kawu hari, sai ya aika sojoji 'yan kaɗan, waɗanda suka isa a ce ya yi ƙoƙari amma ba su isa su ci ba, su mutu a gindin ganuwa, ya dafa kai ya ce, "Kai, Maigida, yau ma taurarinka ne a sama." Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gwanintar da yake faɗuwa da ita. Faɗuwa irin wannan ta fi ci wuya.

Daga nan na daina kallon tebur na koma kallon mutumin. Na lura in ba shi ke da jifa ba idonsa ba ya zama, yana yawo a tsakar gida, daga rijiya zuwa madafa, daga madafa zuwa ƙofofin ɗakuna. Yana kuma jefa tambayoyi kamar ba komai. Wancan ɗakin na ƙurya, ruwa na shigarsa da damina? Wa ke kwana a ciki? Bangon nan naku ne ko na masu bene? Gidan na gado ne? Kawu kuwa, da daɗin nasara a bakinsa, ba abin da yake ragewa, har da waɗanda ba a tambaye shi ba. Ga kuma tsaraba. Yau rabin buhun albasa, wani satin citta da tafarnuwa, duk a kai madafar Mma. Firjin da aka ce ya zo saye kuwa yana nan a shago, ƙura ta rufe shi.

Mma shinkafa da wake take sayarwa da safe a bakin lungu, Lahadi ce kawai ranar hutunta. Da, in ta ga mun fito da tebur sai ta taɓe baki ta ce manya da wasan yara. Yanzu sai ga ta tana aiko mana da zoɓo mai sanyi, wani lokaci ta kawo ƙosai da kanta, ta tsaya ta tambayi wa ke ci. Na ɗauka godiyar albasa ce, abin ya ƙara damuna. Na ce ita ma ya fara sayenta.

Wata safiya na rufe shago na shiga mota zuwa Agbogbloshie. Ban san me zan gano ba, ina dai son in ga mutumin a inda ba ya tsammanin ganina. Na kutsa tsakanin manyan motoci da mata masu dako da kwanoni a ka, ƙasa duk caɓi, warin ruɓaɓɓiyar albasa ya haɗu da hayaƙin da ke tasowa daga wajen unguwar Old Fadama. Na laɓe bayan tarin buhuna na hango shi. Da ƙyar na gane shi. Tsohuwar riga ce a jikinsa, babu rawani, muryarsa na tashi sama da ƙarar injin, yana ba masu sauke kaya umarni da Zabarmanci, ya juya ya yi ciniki da wata mata da Twi, ta yi roƙo ta yi faɗa bai rage mata komai ba. Da rana ta take ya zauna a inuwar wata mota, aka haƙa ramukan dara a ƙasa, ya yi ta cinye mutane ɗaya bayan ɗaya yana yi musu dariya, ba sani ba sabo.

Na zauna wurin wani mai shayi na ja shi da hira har muka gangaro kan Alhaji. Ya ce matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa sun girma suna can gida Nijar, shi kuma yana haya a unguwar Alajo.

"Mutumin kirki ne," in ji mai shayin, "amma ba a cin sa a ciniki. In ya sa ido a kan abu, ko shekara zai jira. Kwanan nan ma ba shi da zance sai Maamobi. Ko me ya gani a can, oho."

Daga kasuwar kai tsaye shagon Kawu na nufa. Na same shi yana goge wata firiza da tsumma. Ban yi kwana-kwana ba, na ce masa baƙon nan da gangan yake bari ya ci.

"Kai, ni yaro ne?" in ji Kawu. "Tun sati na biyu na sani."

"Ka sani, Kawu, kuma kake ta murna?"

"Mutum ya ba ka kyauta, ka ce ba ka so? Bar shi ya ci gaba. Mai son abu shi zai gaji ya buɗe baki."

"In gidan yake so fa?"

Kawu ya tsaya da gugar, ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya da ban gane kanta ba.

"Gidan," ya ce. "Je ka buɗe shagonka, mutane na jiran wayoyinsu."

Na fita da zargi biyu maimakon ɗaya. Na fara tunanin ko sun riga sun gama magana ni ne ban sani ba. Na tuna bayan magariba Kawu kan raka Alhaji su tsaya a ƙofar gida suna ƙus-ƙus, in na matso su koma zancen tsadar mai. Ko tela na fara yi wa wani kallo, don ya cika kare mutumin, kuma na ga sabon yadi fari a kan teburinsa da bai ce mini na wa ba ne.

Lahadi ta zo. Muna shimfiɗa gunduwoyi Alhaji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗana, ka zo kasuwarmu ba ka tsaya mun gaisa ba. Da na sa an ba ka albasa."

Na ji kunya ta kama ni, ta kuma juye ta zama haushi. Na ƙudurta ranar sai na tona shi. Na ƙulla amana da Alhaji a fili cewa ba mai taɓa wani, sannan na ja tela muka haɗa sojojinmu gaba ɗaya muka nufi Kawu. Nufina in ga abin da zai yi in Kawu na shirin faɗuwa. Muka cinye ƙauyukan Kawu, muka kewaye babban birninsa, yana ta kumfar baki yana cewa ɗan ƙanwarsa ya ci amanar jini.

Sai Alhaji ya gyara zama. Ya ce, "Amanarmu ta ƙare, ɗana," ya fara ajiye katuna. Ban taɓa ganin an yi wasan haka ba. Jiragen nan da muke ɗauka yawon banza suke yi, ashe kowanne yana inda ya kamata. Ya yanke mana hanyar hatsi, ya sauka a bayanmu, ya ɗauke birnina da na tela kafin zoɓon da ke gabanmu ya huce sanyi. Da ƙura ta lafa, ba kowa a tebur sai shi da Kawu. Ƙasar duka ta zama tasa, sojojinsa sun yi wa birnin Kawu zobe, a ciki kuwa jajayen sojoji biyu ne suka rage. Babu sauran dabarar da zai faɗi da ita ba a gani ba.

Mma na tsaye a ƙofar madafa da tire a hannu. Alhaji ya jujjuya ƙwayar jefawa a tafinsa, sannan ya ajiye ta a hankali.

"Maigida, yau na gaji. A bar shi haka."

"Ba a barin wasa a tsakiya, Alhaji," na ce. "Ko ka ci birnin nan, ko ka faɗa mana abin da ya kawo ka gidan nan."

"Kai!" Kawu ya daka mini tsawa. "Da babba kake magana!"

"Ƙyale shi, Maigida, yana da gaskiya," in ji Alhaji. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ɗana, zo ka raka ni bakin titi."

Muka bi lungu, shi a gaba ni a baya, muka haye katakon da aka gitta a kan kwata, muka wuce masu suyar kifi. Da muka iso inda ake jiran mota, ya juyo ya dube ni.

"Ba gida nake nema ba," ya ce. "Mahaifiyarka nake so in aura."

Duk lissafin da na yi, wannan bai taɓa faɗo mini ba, domin ban taɓa kallon Mma a matsayin matar da wani zai nema ba. Mma ce kawai.

Ya ce ta daɗe tana sayen albasa a wurinsa. Da ya yi mata magana, sai ta ce tana da yaya, tana da ɗa namiji babba, ya je su san shi tukuna. Zancen firji hanya ce kawai ta shiga. Tuni kuma ya faɗa wa Kawu, Kawu kuwa ya amince. Ni kaɗai na rage, don Mma ta ce ba za ta yi ba muddin ɗanta na ɗaure fuska.

"To me ya sa kake bari Kawu ya ci, ni kana murƙushe ni?"

"Kawunka in ya ci yana jin daɗi, in ya ji daɗi yana magana, ni kuma ina son in san mutanen da zan shiga cikinsu. Kai kuwa da na bar ka ka ci, da ka raina ni."

"Tambayar ɗaki da ruwan damina fa?"

"Ina son in san inda take kwana, ko ruwa na zubar mata."

Kowace amsa ta zauna daidai, babu inda zan kama. Wannan ɗin ne ya hana zuciyata kwanciya. Na ce, "Ka san tana da kaso a gidan?"

"Na sani," ya ce. "Ba zan ce maka ban sani ba."

Na jira ya ƙara wani abu, ya rantse ko ya yi fushi. Bai ƙara ba. Mota ta tsaya, yaron mota na kiran Alajo, ya shiga, ya ɗaga mini hannu ta taga.

Washegari ban je shago da wuri ba, na jira Mma ta gama ciniki ta dawo tana wanke tukwane. Na ja kujera na zauna kusa da ita.

"Ya faɗa maka?" ta ce.

"Ya faɗa. Me ya sa ke ba ki faɗa mini ba, Mma?"

"Kai da kake kallon kowa kamar ɓarawon waya? Ni na ce ya zo. Na ce bari ka gan shi da idonka."

"Na gan shi. Mutum ne mai iya ɓoye hannu. In gidan yake so fa?"

"In gidan yake so, ni ma ina da ido. Shekara nawa ina sayen albasa a wurinsa? Na san ranar da ya sa ƙanana a ƙasan buhu, na san ranar da bai sa ba."

"Ashe yana sawa."

"Ɗan kasuwa ne," ta ce, ta fashe da dariya. Rabona da jin irin wannan dariyar a bakinta tun mahaifina na da rai. "Ni ba mala'ika nake nema ba. Kai safe ka fita, dare ka dawo, waya a kunne. Wanda zan yi hira da shi nake nema."

Ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Na dai ɗauki babbar tukunyar na kai mata madafa, ita kuma ta fahimci abin da ta fahimta.

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba. Farin yadin nan na teburin tela ashe rigar ango ce. Mma ta tare a Alajo, amma ba ta bar sana'arta ba, kullum da sassafe tana bakin lungunmu. Alhaji bai daina zuwa ranar Lahadi ba. A zaman farko bayan biki ya ɗauke birnin Kawu tun kafin a gama buɗe ƙasa. Kawu ya yi fushi, ya ce wasan ɓata lokaci ne, ya ɗora kwalin a kan kabad. Bai yi wata guda ba ya sauko da shi da kansa. Tun daga nan ba mai barin wani ya ci, kuma Kawu ya koyi tara hatsi.

Bayan an kwana biyu, Kawu ya tara mu ya ce wani mai kuɗi ya zo masa da magana: zai rushe gidan ya gina bene, ya ba iyali ɗakunan ƙasa. Alhaji ya rako Mma zaman, ya zauna can kusa da ƙofa. Ni ban saurari Kawu sosai ba, fuskar Alhaji nake karantawa. Da aka zagayo kansa, Kawu ya ce, "Alhaji, kai me ka gani?"

"Ni baƙo ne, Maigida," ya ce. "Ba gidana ba ne."

Mma ta ce ita ba ta yarda ba, gidan ubanta ba zai zama gindin benen wani ba. Sauran dangi suka bi bayanta, magana ta mutu a nan. Na sake duban Alhaji. Babu murna a fuskarsa, babu ɓacin rai. Ko mutum ne da bai damu da gidan ba, ko kuwa mutum ne da ya iya jira, har yau ban iya rabewa ba. Abin da na sani, Mma ta yi ƙiba, ta yi haske, kuma ni da kaina na fara ce masa Baba ba tare da an sa ni ba.

Da za su tafi ranar, Alhaji ya tsaya a bakin zaure ya ƙwanƙwasa bango da yatsa, inda ya tsage tun daga sama. Ya ce wannan yana son siminti kafin ruwa ya sauka, kuma ya san wani magini mai tsoron Allah da zai turo. Kawu ya fara godiya, sai na yi caraf na ce a bari, ni zan nemo magini da kaina.

Ya yi murmushi. "Yadda ka gani, ɗana."

Na nemo kuwa. Ya yi aikin cikin gaggawa, ya bar mana yashi a ƙofar gida, kuma ruwan farko da aka yi bangon ya sake buɗewa a daidai wurin. Tela ya yi mini dariya har da riƙe ciki. Ni na sayi bokiti na ajiye a ƙarƙashin tsagar, ban kuma bari zancen ya kai Alajo ba.